Motar da Ba Ta Wuce Saba'in

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta shekarar, na manta sunan motar, har ina kokwanton ko baƙa ce ko shuɗiya mai duhu. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Mu'awiyya ma'aikacin lafiya ne a Kebbe, gidansu kuwa yana Tambuwal. Tun yana yaro yake son gudu. Da aka raba gadon mahaifinsu, sai ya sayar da gonarsa ta Fakku domin ya sayi mota ta hannu ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, irin wadda in an tayar da ita kajin unguwa ke watsewa.

Mahaifiyarsa, Inna Atu, ba ta yi masa gardama ba. Dama tun da hanyar Jega ta ci babban ɗanta ta rage magana. Cewa kawai ta yi in dai sai ya saya, to ya je Sakkwato wurin Alhaji Maccido mai sayar da motoci, don ɗan garinsu ne, ba zai cuce shi ba.

Ranar gwaji motar ta yi abin da ake faɗa. Ya taka totur a bayan gari, allura ta haye ɗari da sittin, ya biya ko ragi bai nema ba. Alhaji ya ce a bar ta kwana biyu a canja mai. Ya kuma haɗa masa da garanti na wata shida: duk abin da ya lalace kyauta za a gyara, da sharaɗin kada wani bakanike ya taɓa ta sai na garejinsa.

Ranar da ya ɗauko ta, kafin ya kai Dogon Daji ya san da matsala. Allura na taɓa saba'in sai ta tsaya cak. Ya danne totur har ƙasa, injin ya yi gurnani kamar zai tashi sama, amma tafiyar ba ta ƙaru ba. Wata bas ɗauke da buhunan albasa ta wuce shi, direban har da ɗaga masa hannu.

Ya mayar da ita. Aka canja fulogi, aka wanke tanki, aka ce man da ya sha ne gurɓatacce. Ya sake mayarwa, aka canja famfon mai. Ba a taɓa karɓar ko kwabonsa ba, kuma kullum sai an ba shi lemo mai sanyi kafin ya tafi. Motar dai ba ta taɓa mutuwa a hanya ba, ba ta taɓa zafi ba, ba ta kuma taɓa wuce saba'in ba.

A asibitin Kebbe abin ya zama nishaɗi. In ya makara sai abokan aiki su ce, "Likita, gobe ka aje jirgin ka hawo babur ɗin kabu-kabu, ka ga ka iso da wuri."

Gazali, bakaniken da ke bakin tashar Tambuwal, ya saurari injin sau ɗaya ya ce, "Ba ni ita rabin yini in leƙa ƙwaƙwalwarta." Mu'awiyya ya kwana yana juya maganar. In Gazali ya taɓa ta, garanti ya tashi, in kuma ciwon babba ne, ba shi da wata gonar da zai sayar. Da ya yi zancen a gida, Inna Atu tana tsince wake ta ce, "Ka riƙe sharaɗin da anka yi da kai. Mutum maganatai."

Wata shida na dab da cika ya dira garejin a fusace.

"Alhaji, mi kake jira? Garanti ya ƙare ka bar ni da jaki?"

"Haba ɗana, zamna ka sha ruwa. Na ƙara maka shekara guda, kyauta."

Wannan Alhaji Maccido kuwa an san shi, ko tsohuwar taya ba ya bayarwa a banza. Mu'awiyya ya dawo Tambuwal yana ba da labarin yadda ya tsorata Alhaji. Sai daga baya ya lura ƙarin ya sake ɗaure masa hannu, Gazali dai ba zai taɓa ta ba.

Haka ya shekara yana zarya. Ya daina zama majalisa. Ya kai ga in ya hango 'yan kabu-kabu na Jabo a madubi sai ya rage tafiya da kansa, don a ɗauka ganin dama ne.

Ranar ɗaurin auren amininsa a Jega ne ya sare. An tashi a jere, sauran motoci suka ɓace masa, ya isa an shafa fatiha ana watsewa, alhali shi ne babban abokin ango. Washegari ya kai motar Sakkwato, ya karɓi wata ƙaramar tsohuwar mota da ɗan ciko wanda bai kai rabin kuɗin gona ba. Bai yi wa Alhaji sallama ba. Har yau in an ambaci sunansa tsaki yake yi.

Bara na haɗu da Alhaji Maccido wurin wani suna a Kebbe, na tambaye shi wane irin ciwo ne ya gagari garejinsa. Ya faɗa mini, ni kuma don na san halin kaina ban yarda ba sai da na je na tabbatar daga bakin bakaniken nasa. Motar ba ta da ciwo ko ɗaya. A kwana biyun nan na canjin mai aka ɗaure mata gudu, kuma Inna Atu ce ta biya kuɗin aikin, ita ce ta biya na ƙarin garantin.