Ƙwaryar Tsamin Kaka

Ana gobe sunan ƙanwata, a gidanmu na Gazawa, na tsinci wata 'yar ƙwarya a bayan randa tana tashin tsami. Na ɗauka kullu ne ya lalace. Na juye wa awaki, na wanke ta tas, na kai wa Kaka ina jiran yabo.

Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. "Maigidana, ka kashe mini ma'aikata! Gobe duwatsu za mu ba baƙi ko masa?"

Ashe tsohon kullu take ragewa don ya tayar da sabo. Ta aike ni maƙwabta roƙon ludayi guda na tsohon kullunsu, kamar mai ɗibar wuta. Ta juya shi cikin kullun gero, ta rufe tukunyar, ta ajiye a rana. Bayan la'asar ta ja kunnena ta manna a jikin tukunyar. Na ji ana ƙus-ƙus a ciki.

"Ci suke, suna gyatsa," in ji ta. "Gyatsar ce ke kumbura masa."

Yau ni ke koyar da wannan a lakol. Ƙwayar yis da ke cikin tsohon kullu, wadda ido ba ya gani, tana raba sukari gida biyu a cikinta ta sami ƙarfi, in iska ta yi ƙaranci sai ta ƙarasa aikin da kumfa. Nakan cika allo da zane, yara na hamma. Sai in ajiye alli in ce, "Ci suke, suna gyatsa."

Aji ya tuntsire da dariya, ni kuma tsamin nan ya dawo mini a hanci.