Manyan Kankana a Bakin Ƙofa

Zauna ka ji, tun da na ga kana ta cika kana batsewa don an duba aikinka an ce da sauran gyara.

An yi wani manomin rani a bakin wani dam, mutum mai ƙwazo ƙwarai, amma wajen taurin kai sai dai a ce Allah ya shirya. Shekarar da kankana ta yi masa kyau, sai ya ce ya gaji da tayin wulaƙancin da 'yan sari ke yi masa a bakin gona, shi da kansa zai kai birni. Yana da tsohuwar a-kori-kura, ya kuma sa mai walda ya ƙera masa ƙaramar tirela mai rufi, irin wadda ake rataya wuyanta a ƙugiyar ƙarfe a bayan mota. A can gaban tirelar ya shimfiɗa katifa, don in kasuwa ta riƙe shi ya kwana kusa da kayansa. Da aka zo lodi sai ya bi al'adar 'yan kasuwa, ƙanana a ciki, manyan nan masu kamar tulu kuwa aka jibge su a bakin ƙofar baya, don dillali yana buɗewa idonsa ya fara sauka a kansu. Wahalar wata uku ke nan cur a akwati ɗaya, ba shi kuma da wata gonar da zai koma ya tsinko.

A hanya akwai wata ma'ajiyar hatsi mai babban sikelin da mota ke hawa. Ya ratse don ya san nauyin kayansa, kada a cuce shi a birni. Mai kula da sikelin wani dattijo ne da ya shekara talatin yana jan babbar mota. Maimakon ya auna sau ɗaya ya sallame shi, sai ya sa ya hau da motar ita kaɗai, ya sa ya rataya tirelar ya sake hawa, sannan aka auna tirelar daban. Manomi yana ta tsaki yana duban rana. Abin da dattijon ke nema shi ne nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙugiya, wanda ya kamata ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Sai ya tarar da tirela da babu tirela, nauyin motar kusan duk ɗaya. Ya kwance wuyan, ya ɗaga shi da hannu ɗaya kamar mai ɗaukar buta, ya ce, "Malam, kayanka bai yi yawa ba, zamansa ne bai yi ba. Sauke manyan nan ka mai da su gaban tayoyin tirelar, katifa ta dawo baya. In ba haka ba, wutsiyar nan ce za ta tuƙa ka."

Manomi ya waiga, ya hangi 'yan dako shida zaune a inuwa. Ya ce a ransa, oho, ashe nan aka dosa. In an sauke, duk wanda ya sa hannu sai an ba shi ɗaya, dattijo ma sai ya ɗauki biyu, ga shi manyan za su ɓuya can ciki inda ba mai ganinsu. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan da irin mutanen nan! An rubuta masa awon a takarda, an ɗaga ƙarfen a gaban idonsa, amma ya fi gaskata zargin da ya ƙirƙiro da kansa. Ya ce, "Na gode, baba, ba yau na fara ɗaukar kaya ba," ya rataya abarsa ya ja.

Da farko tafiya lami lafiya, har yana yi wa dattijon dariya shi kaɗai. Da ya kai wata doguwar gangara mota ta ɗauki gudu, sai wata tankar mai ta wuce shi ta watso masa iska. Tirela ta karkata hagu, ta dawo dama, kowane lilo ya fi na baya, har sitiyari ya daina jin maganarsa. Tsoro ya sa ya danna birki iya ƙarfinsa, ya ƙara dagula al'amari. Tirela ta juyo ta daki gefen mota, ta fizge daga ƙugiya ta kife, ƙofar baya ta ɓalle, kwalta ta yi ja wur tun daga nan har gindin gangara. Shi dai Allah ya tsare shi, ko ƙwarzane bai yi ba. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka taho a guje, suka taya shi ture tirelar daga kan titi, suka yi masa jaje, suka tsaya suna kallon ɓarnar, ba wanda ya taɓa komai. Fasasshiyar kankana kuwa ba ta zuwa kasuwa, ba ta kwana. Yana zaune a kan katifarsa a bakin titi, ƙudaje sun fara taruwa, da bakinsa ya ce musu, "Ku kwasa, bayin Allah, kada ta lalace a banza." Suka kwashe tas, har da masu zuwa da baro.

Aikin rabin awa aka roƙe shi, kuma don amfanin kansa. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.