Albasar Amsterdam

Ta juyo da waya za ta ɗauke shi hoto, sai ta ga wayam, babu shi.

Kwana uku ke nan da ta kawo mahaifinta daga Aliero ya ga Amsterdam, inda take karatu. Ba ya jin Turanci, fasfonsa kuma yana jakarta. Ta bi gadoji tana leƙa ruwa, ta kutsa cikin masu kekuna tana kiran "Baba!" har muryarta ta dushe.

Can ta hango hularsa a lambun furanni, 'yan sanda biyu tsaye a kansa. Ta ruga wurinsu.

Yana durƙushe, hannu duk ƙasa, ya tono fure ɗaya mai dunƙulallen gindi kamar na albasa. Shekara arba'in yana noman albasa, bai taɓa wuce shuka bai duba ƙarƙashinta ba. Ya ɓare da farce, ya sansana, ya girgiza kai.

"Ɗiyata, gaya musu an cuce su wurin iri. Wagga albasa ko hawaye ba ta sawa."

Ya ɗago ya ga fuskarta jiƙe sharkaf da hawaye. Sai ya sake duban albasar.