Hirar Alhamis

"Ka ce ka gano me?" Murja ta tambayi mijinta tana goge masa riga.

"Abin da kasuwa ba ta iya sayarwa," in ji Tajuddeen yana wani ɗaga kafaɗa. Digirinsa na uku yake yi a kan gidajen kula da tsofaffi na 'yan kasuwa. Duk Alhamis yana wani gidan tsofaffi a unguwar Brickfields, a ƙasar wajen da yake karatu, yana hira da tsofaffi yana naɗa a waya. "Gado da kuɗi, magani da kuɗi, wanka ma da kuɗi. Amma a zauna a saurari tsoho? Wannan sai don Allah. A kan haka na gina babin ƙarshe, sufabaiza har ta sa hannu."

"To, Allah ya taimaka, Dakta."

Ranar Alhamis ta ƙarshe ya je yi wa tsofaffin sallama, har da tsarabar gurasar roti. Yana gaya wa manajar gidan, Madam Lim, cewa ya gama, sai ta dafe ƙirji.

"Ba zai yiwu ba! Daure ka ci gaba da zuwa."

Ashe haka aka shaƙu da shi? Har Tajuddeen ya fara laluben hankici.

"Tsofaffin za su yi kewata ko?"

"Su? Ai barci kake sa su. 'Ya'yansu ne matsalar. Sun riga sun biya mu kuɗin hirarka har ƙarshen shekara."