Inuwar Falwaya

Ranar da aka sa wa tsamiyar ƙauyen Yara gatari, tela ne ya fi kowa ɗaga murya. A gindinta ake musun siyasa, kuma ranar ya kayar da kowa.

"Baba, ƙasa ta samu fetur, kana zubar da hawaye a kan itace?" ya ce wa wani tsoho da ya rungume ta. "In lantarki ya zo, fanka ce za ta yi maka fifita."

Aka sare ta, aka kafa falwaya. Waya ta zo kuwa, ta bi ta saman rufin mutanen ƙauyen, ta zarce gidajen ma'aikatan gwamnati. Damina ta yi ta gajarta, rijiyoyi suka ƙafe, majalisar gindin tsamiya ta watse. Tsohon ya rasu bai ga fankar ba.

Yanzu da azahar tela kan gudo daga shagonsa da ya zama tanda. Yakan raɓe a inuwar falwayar, wadda faɗinta bai kai tafin hannu ba, yana jan kujera duk inda ta karkata, wutar wasu na wucewa ta bisa kansa.