Mai Koyar da Tanis da Bangon Gilashi

Tunda ka ce girma ya hana ka sake koyo, ga labarin wani mutum da ya shekara ashirin yana koyar da tanis a wani kulob. Ana nan sai aka shigo da sabon wasa mai suna padel, wanda ake yi biyu da biyu a ɗan fili kewaye da bangon gilashi. Ɗalibansa suka kwashe suka koma can. Masu kulob suka ba shi wata biyu, ko ya iya har ya koyar, ko su ɗauko wani. Ya yi tsaki, ya ce ai wannan tanis ɗin malalata ne. Ranar farko wasu 'yan kasuwa biyu masu tumbi, waɗanda ko gudu ba sa iyawa, suka lallasa shi. A tanis ƙwallon da ta wuce ka ta mutu, shi ya sa yake kai wa kowace duka da ƙarfin tsiya, ita kuwa ta doki gilashin bayansu ta dawo musu har hannu. Kunya ta rufe shi, tsoron rasa aikin kuma ya shige shi sosai. Wata malamar asibiti da aka haɗa su gefe ɗaya ta gaji ta ce, "Malam, bar ta ta wuce. Bangon bayanka zai dawo maka da ita."

Kunne ya ji, ƙafa ta ƙi. Da ƙwallo ta taso sai jikinsa ya yi gaba ba da izininsa ba. Amma gogan naka bai sare ba. Kullum bayan asuba yana filin shi kaɗai, ya jefa ƙwallo, ya kauce, ya jira ta dawo, har tsofaffin ɗalibansa suka fara yi masa dariya. Ranar da masu kulob suka sa don gwada shi, aka sake haɗa shi karawa da masu tumbin nan. A bugun ƙarshe ɗayansu ya sako wata kamar harsashi. Hannunsa ya ɗaga da kansa, ya danne shi, ya ja da baya. Masu kallo suka ɗauka ya sallama. Ƙwallo ta doki gilashi ta dawo a hankali, ya ɗora ta inda tumbi ba ya kaiwa. Har yau shi ke koyarwa a filin, kuma darasinsa na farko shi ne kaucewa.

Ka ga gaskiyar Hausawa da suka ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.