Wa Ya Taɓa Jitar?

Ranar Laraba ne Mai Bes, mai kaɗa jitar bes mai kaurin murya a ƙungiyarsu, ya fara zargin an taɓa masa jita. Ya ɗaga ta daga akwati a ɗakin gwajin kiɗa, ya jona ta da sifika, ya daki tsirkiyar farko, sai ya ji sautin ya fito a dushe kamar an lulluɓe sifikar da bargo.

Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da jitar nan, ya san muryarta fiye da ta 'ya'yansa. Sirrinta yana cikin fikof, wato ƙananan maganaɗisu biyu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sauti. Nasa na asali ne, waɗanda aka ƙera jitar da su. Suna da gurnani mai ɗumi a ƙasa, da wani ɗan kaifi a sama wanda ke sa a ji shafar yatsa a kan waya. Yanzu kaifin ya ɓace.

Ya sauya tsirkiyoyi, ya sauya wayar jonawa. Babu abin da ya dawo. Ya san ana yin haka: a kwance na asali a sayar wa masu tara tsofaffin kaya, a dasa jabu mai kama da su. To amma jitar ba ta kwana ko'ina sai ƙarƙashin gadonsa. Ke nan wani yana shigar masa gida.

Daga nan ya fara sa ido, kuma abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Abokan kiɗansa sun koma magana ƙasa-ƙasa. Mai ganga zai ce wani abu, kowa ya yi dariya, in Mai Bes ya juyo sai su yi tsit suna kallonsa. Shugaban ƙungiya ya riƙa zagayowa yana rage masa ƙarar sifika ba tare da ya ce uffan ba.

A gida ma haka. Matarsa, wadda da ake jin muryarta tun daga bakin ƙofa, ta koma raɗa a waya. Sau biyu yana zaune a falo ya ɗaga kai ya gan ta tsaye a kansa, ba sallama, ba ƙarar takalmi.

"Tun yaushe kike nan?" ya tambaya.

"Haba Baban yara," ta ce, ta yi masa wani irin kallo, ta wuce kicin tana share ido.

Ya sauya kwaɗon ƙofa. Ya daina cin abincin da ba a gabansa aka zuba ba.

Ranar Asabar da hantsi ya saɓa jitar ya nufi wurin mai gyara. Yana tsallaka titi wata farar mota ta zo ta bayansa sululu, ba hon, ta shafi akwatin har ya faɗi a gwiwa. Direban ya leƙo da kai, fuska a murtuke, yana wurga hannu. Mai Bes bai tsaya ba. Ya tashi da gudu, yana waiwaye, gumi na zuba masa cikin ido. Wannan ya wuce satar fikof. So ake a kawar da shi.

Mai gyaran tsohon abokinsa ne, ya girme shi da kaɗan. Shagon ƙunci gare shi, jitoci rataye a bango, teburi cike da sukundireba da ƙullin dalma.

"Rufe ƙofar," in ji Mai Bes, yana haki. "An sace mini na asali. Buɗe ka gani. Kuma ana bi na."

Mai gyara ya zaunar da shi, ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga fikof ɗin farko a hankali. Ya juya shi a gaban fitila, ya daɗe yana duban dalmar da ke riƙe da wayoyin. Ya ɗora masa mitar gwada wuta, ya duba na biyun ma. Sannan ya juya baya yana neman wani abu a kan kanta.

Mai Bes ya zuba wa ƙeyarsa ido. Me ya sa ya yi shiru? Ba shi ne bara ya ce masa ya sa sababbi ba, wai sun fi ƙarfi da tsabtar sauti? Wa ya fi shi sanin darajar tsofaffin? Ya dubi ƙofar da shi da kansa ya sa aka rufe.

Mai gyara ya juyo, ya dube shi kamar mai jiran amsa. Da bai samu ba, sai ya mayar da kusoshin, ya jona jitar da sifikar shagon, ya miƙa masa.

Mai Bes ya daki tsirkiya. A dushe. Ya murɗa maɓallin ƙarar sifikar, ya sake daka. Ya ƙara murɗawa har ta ƙure.

"Ka ji ko?" ya ce. "Ka ji abin da suka yi mini?"

Gilashin taga yana karkarwa. Wani sukundireba ya gangaro daga teburi ya faɗi ƙasa. Ta tagar ya hango tela da mai aski na maƙwabta sun fito suna leƙe. Mai gyara ya fizge wayar daga bango, ya yagi takarda, ya yi rubutu, ya tura masa.

"Ɗan'uwa, fikof ɗinka na asali ne, ba wanda ya taɓa su. Sau huɗu na kira sunanka da na juya baya. Tashi in raka ka wurin likitan kunne."